Ɗakunan agajin gaggawa na Sudan, abin da na gani game da aikinsu

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ƙarƙashin Hemedti, idan aka tambaye ni wa ya riƙe talaka, ni dai sunan da zan fara kira shi ne waɗannan matasan unguwanni da ake kira Emergency Response Rooms, wato ɗakunan agajin gaggawa. 'Yan sa kai ne, babu mai biyansu albashi, da yawansu daga kwamitocin unguwanni da suka yi zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Omar al-Bashir a 2019 suka fito, to da manyan ƙungiyoyin agaji suka kwashe ma'aikatansu daga Khartoum a makonnin farko sai ya zama suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kicin ɗin jama'a da suke ce wa takaya. Wata 'yar uwata da yaƙin ya rutsa da ita a Omdurman ta turo min bidiyo, wallahi sai da na yi hawaye. Manyan tukwane a kan itace, wani saurayi ya naɗe hannun riga yana juya miyar adas, wani irin ƙananan wake, da ƙaton muciya, ga bokitai da kwanuka an jera su layi tun da asuba kowa ya ajiye nasa ya koma inuwa, idan an sauke sai a bi layi ana zubawa gwargwadon yawan mutanen gida. Ta ce ba a tambayarka katin shaida ko ƙabilarka, mai rabon ma ɗan maƙwabcinku ne, ya san gidan da akwai tsohuwa da ba ta iya fitowa sai ya aika yaro ya kai mata har ɗaki. Wannan sanin juna shi ne ƙarfinsu gaskiya, ba sai an zo an yi wata uku ana cike fom ana ƙidayar mabuƙata ba.

Kuma ba abinci kaɗai ba fa, suna fitar da mutane daga unguwar da ake luguden wuta, suna nemo magani, su gyara famfon ruwa, su taimaka a buɗe ƙaramin asibiti, akwai ma ɗakuna na mata zalla da ke kula da masu ciki da waɗanda aka ci zarafinsu.

Inda matsalar take, kuma dole a faɗa, kuɗin ba shi da tabbas. Yawanci gudummawar 'yan Sudan mazauna waje ce ake turowa ta manhajar banki ta Bankak, to a Fabrairun 2024 da netwok ya ɗauke a kusan duk ƙasar sai tiransifa ta tsaya cak, kicin da yawa suka kashe wuta, sai da aka koma neman Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, kafin abu ya ɗan motsa. Sannan a farkon 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin USAID, hukumar agajin Amurka, rahotanni sun ce kusan kashi 80 cikin 100 na kicin ɗin sun rufe, ka duba fa, a ƙasar da tun Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur. Ko lokacin da abin ke tafiya sau ɗaya ake ci a rana a wurare da dama, kuma wata unguwar ta fi wata samu saboda tana da 'ya'ya da yawa a ƙasashen waje, wannan kam yana damuna sosai don wanda ba shi da kowa a waje shi ya fi buƙata.

Su kansu yaran rayuwarsu a tafin hannu take, kowane ɓangare na zarginsu da yi wa ɗayan aiki, an kama wasu an kashe wasu, amma gobe ka gan su sun hura wuta. An ba su kyaututtukan girmamawa na duniya, wato Rafto da Right Livelihood, a 2025, sun cancanta, sai dai ni na fi so in ga masu ba da kuɗi sun sakar musu kai tsaye kuma a kan lokaci.

Ni 9 cikin 10 na ba su, ɗayan da na cire na rashin tabbas ɗin kuɗin ne. Mai niyyar taimakawa don Allah ya bincika kafin ya tura, 'yan damfara ma suna buɗe shafi da sunan agaji, ka nemi wanda ya san ɗakin unguwar da kansa, ka ga ko suna wallafa lissafin abin da ya shigo da abin da aka saya, kuma idan da hali ka riƙa tura kaɗan kowane wata don su san buhu nawa za su iya saya.