Unraid ko TrueNAS: wanne ya fi rufa asirin hotunan mutane?

Ɗan'uwanmu mai ɗaukar hoton biki a Tudun Wada ya tambaya: yana son mayar da tsohuwar kwamfutarsa rumbun ajiya na shago, amma an ce masa Unraid, manhajar da ke yin wannan aikin, sai da lasisi, kuma lasisin nan hanya ce da kamfani ke leƙen abin da ke ciki. Shin ya koma TrueNAS, wata manhajar mai irin wannan aikin?

Malam, tsoronka yana da dalili. Hotunan kamu da lalle da ke hannunka amanar gidajen mutane ce, wasu ma amarya ba mayafi. Amma ba ta wajen lasisi ɓarawo ya saba shigowa ba.

Unraid na kamfanin Lime Technology ne da ke Amurka. A al'adarsa daga filash yake tashi, lasisin kuma an ɗaure shi da lambar jikin wannan filash ɗin. Ta asusunka a wajensu za ka saya, don haka sun san imel ɗinka da lambar filash. Lasisin gwaji na kwana 30 yana neman intanet, wanda aka biya kuwa yana tashi ko babu. Akwai ƙarin da suke kira Unraid Connect mai haɗa injinka da sabarsu, ba dole ba ne, ni dai ba na sa shi. Abin da ya rage na damuwa shi ne wani ɓangare na manhajar a rufe yake, ba kowa ke iya duba cikinsa ba.

TrueNAS na iXsystems ne, da can FreeNAS ake ce masa. Kyauta ne, a buɗe yake, ba ya neman asusu kafin ya yi aiki. Shi ma yana aika wa kamfani bayanan irin injin da ake amfani da shi, sai ka shiga saiti ka kashe. Ta fuskar sirri ya fi kwantar da hankali.

Inda lasisi ke da nauyi na gaske shi ne sabuntawa. Tun 2024 Unraid ya canja tsari: ƙananan lasisinsa suna zuwa da sabuntawar shekara ɗaya, daga nan sai ka ƙara kuɗi, ko ka sayi na dindindin mai tsada. In ba ka biya ba injin ba zai tsaya ba, amma za ka zauna a tsohon zubi. Da dala ake biya, kuma mun san yadda naira take. Mutum zai ce sai wata mai zuwa, shekara ta wuce. Dubi abin da ya faru da na'urar ajiya ta WD My Book Live: an daina sabunta shi a 2015, a Yunin 2021 mutane suka wayi gari an share musu komai ta intanet. A Janairun 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta kulle na'urorin ajiya na kamfanin QNAP tana neman bitcoin 0.03 kuɗin fansa. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda na'urarsu ke buɗe ga intanet kai tsaye.

Saboda haka kowanne ka zaɓa, kada ka buɗe masa ƙofa a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a shago, don kwastoma ya sauke hoto daga Barnawa. Kashe UPnP, saitin rauta da ke buɗe ƙofa da kansa, ka shiga ta Tailscale ko WireGuard, manhajojin da ke ba ka rufaffiyar hanya zuwa injin, in kana waje. A Unraid ka duba manyan folda ɗaya bayan ɗaya, domin wadda aka raba ba tare da kalmar sirri ba tana buɗe ga duk wanda ke kan waifai ɗin shago, har yaron da ka bai wa lamba ya kalli ƙwallo.

Dukansu suna kulle faifai da kalmar sirri. Matsalar ita ce wutarmu: duk ɗaukewa sai injin ya mutu, in ya dawo sai ka sake buga kalmar. Ran da ka gaji ka rubuta ta ka manna a jikin akwatin, wanda ya fasa shago ya tafi da ƙofa da makullinta. Sayi ƙaramin UPS kafin ka sayi faifai na uku.

TrueNAS yana da wata falala da ZFS, tsarin da yake jera fayiloli a faifai da shi: yana ajiye kwafin yadda fayiloli suke a kowace awa in ka saita, ko ƙwayar cuta ta kulle su daga kwamfutar editin, sai ka koma na jiya. Sharaɗinsa RAM ya kai 8GB, faifan kuma an fi so su zama girma ɗaya. Unraid ya fi shi haƙuri da tarkacen faifai, 2TB da 4TB da 1TB duk ya haɗa su.

Da ni ne, TrueNAS zan ɗora. In faifanka ba su daidaita ba, ka ɗauki Unraid ka biya kuɗinsa. Wanda aka fasa lasisinsa da ake tallatawa kuwa, kada ka kusance shi, ba ka san abin da mai fasawar ya cusa ba. Kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin waɗannan hotuna a kan wanda ya ajiye su, wato kai.