Ciyawa da furanni ko itatuwan gida: da me za a ƙawata mahaɗar hanyoyi a Kebbi?

Ɗan'uwa, ka ce tunda babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri da aka ƙaddamar a Illela a 2024 za ta ratsa jiharmu, in an gina gadar sama da shataletale a mahaɗa, me ya fi dacewa a sa a filin tsakiya da gangaren gada: shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da furanni irin na Abuja, ko itatuwanmu da tsakuwa? Ni da watan Afrilu nake auna su duka biyun, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40.

Ciyawa ta fi ɗaukar ido ranar bikin buɗewa, wannan ba musu. Amma daminarmu gajeriya ce, sauran watannin kuwa sai rijiyar burtsatse da sola da tanki da mai ban ruwa safe da yamma. Famfo ya lalace na mako biyu, shi ke nan ta ƙone. Na taɓa tsayawa a wani shataletale cikin bazara, tiyo a yashe rana ta tsattsaga shi, awaki biyu na ƙarasa furannin da suka rage, ledoji sun maƙale a jikin waya. Abin ya dame ni, don kuɗin jama'a ne.

Itatuwan gida su ma suna son ruwa da keji a shekaru biyu ko uku na farko, daga nan su riƙe kansu. Sai dai kowanne da halinsa. Dogon yaro na saurin girma, ga inuwa rani da damina, amma saiwarsa na ɗaga dakalin titi ta fasa kwalbati, don haka a ja shi baya. Gawo ina ƙaunarsa, da rani yake fitar da ganye, daidai lokacin da ake neman inuwa. Matsalarsa 'ya'yansa na kiran awaki da shanu, kuma dabba a bakin titin da tirela ke gudu hatsari ce. Giginya miƙaƙƙiya ce, ba ta tare wa direba gani, sai jinkirin girma da nauyin 'ya'ya, ba a dasa ta inda za su faɗo wa mota.

A gangaren gada tazarar ta fi fitowa fili. Saiwar ciyawar ado a sama-sama take, mamakon Agusta na iya kwashe ta har da ƙasar. Jema kuwa, wadda muka sani a fadamunmu, saiwarta ƙasa take nutsawa kai tsaye. A jera ta layi-layi a gicciye, ta riƙe gangaren, zaizaya ba ta samun hanya.

Inda ciyawa ta yi zarra shi ne kwana da bakin mahaɗa, don ba ta tsayi, direba da ɗan kabu-kabu na hango juna. Tsakuwa ko jar marmara ma na yin wannan aikin ba tare da ruwa ba, muddin an ɗaure ta da dakali, don in ta zubo kan kwalta babur zamewa yake. Intalok na da tsafta, amma yana riƙe zafi har bayan magariba.

Adon tsakiya kuma, kada a yi marmaron ruwa, ƙurar hunturu na toshe shi. Fenti ma koɗewa yake. Gara zanen da aka fitar a jikin siminti, irin wanda maginanmu ke yi a fuskar zaure: dagi, damin shinkafa, ko gora da homar masuntan Argungu. Baƙon da ya taso daga nesa, da ya hango homa a tsakiyar shataletale ya san ƙasar Kabi ya shigo. Wanda ya matsa sai ya ga fure, a sa masa bogenbiliya kaɗan a gindin ginin, ita tana jure ƙishirwa.