Zazzaɓin mai shan kemo ba ya jiran gari ya waye

Assalamu alaikum Yaya. Ya jikin Gwaggo? Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce in ba ka labarin yadda suke kula da masu ciwon daji a nan Ingila, tunda an fara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, a Katsina. Injinan gasa daji da magungunan tsada ba fannina ba ne. Ni ɗan lab ne, jini na sani, a kansa zan yi magana.

Kemo ba ya tantance ƙwayar daji da fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, duka yake bugewa. Kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kowane zagaye sukan yi ƙasa ƙwarai. A wannan tsakanin, bakteriyar da ke zaune lafiya a hanjin mutum ko a fatarsa tana iya faɗawa cikin jini, kuma sau da yawa zazzaɓi kaɗai ne alamar.

Shi ya sa a nan ake ba mai shan kemo kati da lambar waya da ake ɗauka dare da rana. Zafin jiki ya kai 38, sai asibiti. A ɗebi jini a zuba a kwalaben kalca, inda ake rainon ƙwayar cuta har ta tsiro a gane ta, a ɗaura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda, ba a jiran sakamako. Ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a nan, ta fitar a 2012 ta ce a fara da piperacillin haɗe da tazobactam.

Daga nan kwalaben su iso wurinmu. Mu sa su a injin da ke riƙe su da ɗumin jikin mutum, in wani abu ya tsiro ya yi ƙara, galibi cikin kwana guda. A yadda aka koya mana a gida, daga nan sai a shafa a farantin rainon ƙwayoyi, gobe a gane ƙwayar, jibi a san maganin da ke cin ta. Duk wannan jiran likita lalube yake yi.

Yanzu akwai wata 'yar jakar roba ta BioFire, ba ta fi tafin hannu ba. Ka tsiyaya mata ruwanta, ka ɗiga ɗan jinin kwalbar da ta yi ƙara, ka zura ta a inji, aikin minti biyu. Injin ya farfasa ƙwayoyin, ya ninka ƙwayoyin halittarsu, ya duba abubuwa 43 a tashi ɗaya: bakteriya, funfuna irin Candida, da alamomin bijire wa magani. Bayan awa guda allon ya rubuto, misali, bakteriyar Klebsiella mai ɗauke da NDM, ɗaya daga alamomin bijirewar nan. Ganin NDM, ka san maganin da aka ɗaura ba zai ci ba, har ma da meropenem da ake ji da shi. Ko ƙarfe ukun dare ne sai ka buga waya ɗakin marasa lafiya, likita ya canza magani kafin asuba. Wannan kam ya burge ni, har yau bai daina ba.

Sai dai kada a zuzuta shi. Dole kwalba ta fara tsirowa tukuna, abin da ba ya cikin jerinsa ba zai gani ba, farantin nan kuma har gobe muna shafawa. Jakar tana da tsada, sau ɗaya ake amfani da ita, ba kowane asibiti ke da ita ba ko a nan. Masu cewa magani kyauta ne a Ingila kuma su tambayi baƙo: yawancin masu biza fam 1,035 suke biya na kiwon lafiya duk shekara, ban da haraji.

Fasahar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da shi a asibitocinmu dabararsu ɗaya. A maleriya kuwa mun fi su zafin nama, minti ashirin an gama, su sai sun tambaye ka ko ka yi tafiya kafin ta faɗo musu a rai.

Abin da nake tsoro shi ne kyamis. In jikin Gwaggo ya yi zafi aka sayo mata Augmentin ko cipro ta sha kafin a ɗebi jini, kwalbar na iya ƙin tsirowa, a ce ba komai alhali akwai. Farasitamol kuma rufe zazzaɓin yake yi, a auna kafin a ba ta. Ko gwaji ya nuna maleriya, a roƙi likita ya duba fararen ƙwayoyinta, a yi kalca, don ana iya haɗa biyun.

Na ba mai zuwa gida ma'aunin zafin jiki guda biyu, ɗaya a ajiye a ɗakinta. Ranar da za ku koma asibiti, ka karɓi lambar da za a kira da dare, ka kuma tambaya ko kwalaben kalca suna nan ko sai an sayo. Ka faɗa min kuɗinsu in turo. A gaida Inna da yara.