Farautar barewa a tsaunukan Sikotland: abin da na gani a wurin maharbi da karyarsa

A watan Nuwamba na biya kuɗin wuni ɗaya na farauta a wani babban fili mai zaman kansa da ke kudu da birnin Inverness, inda ake haɗa baƙo da maharbin gidan domin ya shiga da shi tsauni neman jar barewa, wato babbar nan da namijinta ke da ƙaho mai rassa. Lokacin harbin matan yana farawa ne daga 21 ga Oktoba zuwa 15 ga Fabrairu, kuma ana rage yawansu ne da gangan, domin kerkecin da ke cin su ya daɗe da ƙarewa a ƙasar, su kuma idan suka yi yawa ba sa barin ƙananan itatuwa su tashi.

Tun da safe maharbin ya ba ni bindigar gidan, ya sa na gwada hannuna a kan allo, kuma bai yarda mun kama hanya ba sai da ya gamsu. Wannan ya burge ni ƙwarai. Wanda ya taso yana ganin farautar gida, da gangi da kirari da garken karnuka, zai sha mamakin shirun da ake yi a nan, domin mun yi awa uku muna hawa muna zagaye don kada iska ta kai musu ƙanshinmu, daga ƙarshe kuma muka yi jan ciki a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa har ruwa ya ratsa mini gwiwa.

Na yi bisimilla na harba, amma harsashin ya sauka baya kaɗan da inda na nufa, barewar ta zabura ta gangara wani kwazazzabo ta ɓace. Gabana ya faɗi, saboda babu abin da ya fi damun mafarauci kamar ya raunata dabba ya bar ta tana wahala. A nan ne na ga amfanin karyar da ke biye da mu tun safe ba ta ko yi haushi ba. Jinsinta na yankin Bavaria ne a Jamus, ja ce mai duhun fuska da faɗuwar kunne, kuma irinsu tun ƙarni na 19 ake kiwonsu musamman don bin sawun dabbar da aka raunata a duwatsu.

Maharbin ya hana ni rugawa. Ya durƙusa a wurin da barewar ta tsaya, ya tsinci gashi, ya murza jinin da yatsa ya duba launinsa, sannan ya ce mu dakata kamar rabin awa don ta samu wuri ta kwanta, domin idan aka matsa mata nan take, sai ta yi nisan da ba za a cim mata ba. Bayan haka ya ɗaura wa karyar doguwar igiya, ita kuwa ta kafa hanci a ƙasa ta bi. Mun ratsa sawun sauran garken, mun tsallake rafi, har a wurin da idona bai ga ko ɗigon jini ba, ba ta kauce ba. Da muka iske barewar da sauran numfashi, na roƙi a bar ni in yanka ta da kaina, maharbin ya miƙo mini wuƙarsa ba tare da gardama ba, kuma na ji daɗin wannan mutuntawa. Rana ta faɗi kafin ƙarfe 4, kuma na tabbata da babu karyar da duhu ya riske mu muna lalube.

Inda na ga gazawarsu shi ne wajen bayani. Ba a faɗa mini tun farko cewa naman na gidan ne ba, sai bayan mun sauko na ji cewa dillalin nama ake sayar wa, kuma wanda yake so sai ya sake biya. Haka nan ba a ambaci tukwicin da aka saba bai wa maharbi ba, ga shi ban zo da tsabar kuɗi ba, sai da na koma gari washegari na aika masa. Cinya ɗaya na saya na tafi da ita gida.