Soso a bango ko cika kusurwa: wanne ke gyara bes?

Malam, ka ce ɗakinka na bulo da siminti a Sabon Gari mita 4 ne a tsawo, 3 a faɗi, lasifikokinka ƙanana ne masu inci 5, kuma kana neman wanda ya fi tsakanin manna soso a bango da cika kusurwoyi da abu mai kauri domin bes, wato sauti mai zurfi irin na babbar ganga, ya fito. Ni dai kusurwa na zaɓa.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, yakan ma ɗan zarce haka a zafin bazarar Damagaram. Saboda haka zangon sauti mai kaɗawa 50 a daƙiƙa, wato nisan da yake ci a kaɗawa ɗaya, ya kusa mita 7, ya fi ɗakin kansa tsawo, kuma idan ya bugi bango ya dawo sai ya ci karo da mai fitowa, a wani wuri su taru su yi ruri, a wani wurin su kashe juna. A ɗakinka abin zai fi tsanani wajen kaɗawa 43 ta tsawo da 57 ta faɗi, da kuma ninkinsu. Ka saka kiɗa mai ganga, ka tsaya a tsakiyar ɗaki, sannan ka taka zuwa kusurwa. A tsakiya za ka ji bes ya ƙwace, a kusurwa kuwa ya cika maka kunne.

Soso mai kaurin santimita 3 zuwa 5 siririn sauti kawai yake sha. Idan ka tafa hannu za ka ji amsa-kuwwar ta ragu, murya ma ta ƙara fitowa, amma rurin bes yana nan daram, wani lokaci har ya fi damun mutum tunda an ɗauke abin da ke rufe shi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa, ko maganarsa ba a yi.

Kusurwa ita ce matattarar bes, shi ya sa abin da aka ajiye a can ya fi aiki. Ana samun ulun gilashi ko na dutse, wato wani abu mai kama da auduga da ake yi da zaren gilashi ko na dutse, mai kaurin santimita 15 zuwa 20, kafinta ya yi masa firam na katako, a gindaya shi a kusurwar daga ƙasa har silin, a bar sarari a bayansa. Daga kaɗawa 100 zuwa sama yana sha sosai; can ƙasa wajen 43 taimakonsa kaɗan ne, sai an ƙara kauri. Ya fi soso tsada da cin wuri, yana kuma sa ƙaiƙayi, don haka dole a lulluɓe shi da yadin da iska ke ratsawa, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu. Kafin ka kashe ko dala, naɗe tsohuwar katifar auduga ka jingina ta a kusurwa ka saurara.

Sai dai a cikin biyun babu mai ƙirƙiro bes ɗin da lasifika ba ta fitar ba, kuma mai inci 5 galibi ƙarfinta yana faɗuwa ƙasa da kaɗawa 50 zuwa 60. Abin da ke ƙara shi kyauta shi ne bango. Matsa lasifikokin kusa da shi, ka bar ɗan sarari idan hujin iskarsu a baya yake, domin tazarar mita guda tana danne sauti wajen kaɗawa 86. Kujerarka kuma ta bar tsakiya, ta dawo kamar mita ɗaya da rabi daga bangon gaba.