Yadda Na Kai Motar Gida Gareji a Ohayo

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga bayanin da ka nema a kan motar nan da na aiko maka hotonta, wadda ka ce ba ka gane ko mota ce ko ɗaki ba. Duka biyu ce. Mutanen Amurka suna kiranta RV, ni kuwa motar gida nake ce mata, domin a cikinta akwai gado da murhun gas da firji da banɗaki da janareto, ga tankin ruwa mai kyau, ga wasu biyu na ruwan datti. Ta hannu na saya, kuma a ƙarshen bazarar bana ta fara ba ni matsala: ɓangaren falon da ake danna maɓalli ya turo waje don ɗakin ya ƙara faɗi ya maƙale a rabi, sannan rufin ya soma yoyo ta saman gado.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, motar ɗaya ce amma masu gyaranta biyu ne. Inji da giya da birki aikin garejin manyan motoci ne, saboda yawancin irin tawa a kan ƙashin motar Ford ake ɗora su, ɗakin kuwa wani kamfani ne daban ya gina shi, kuma wurin gyaransa daban. Da a Kano ne, da bakanike da rewaya da mai walda duk inuwa ɗaya za ka same su, wannan ya gama ya ƙwala wa wancan kira.

Da na buga waya cibiyar gyaran ɗakin, sai aka ba ni rana bayan mako uku, wai lokacin hutu ne, kowa ya fito da tasa. Ranar da na je ban ga bakanike ko ɗaya ba. Wata mata ce a bayan kanta ta karɓe ni, ta rubuta ƙorafina a kwamfuta, ta zagaya motar tana ɗaukar hoton duk wani ƙarce da ke jikinta, ta sa na sa hannu cewa zan biya kuɗin bincike ko an yi gyara ko ba a yi ba. Mai mota ba ya shiga inda ake aiki, sun ce dokar inshora ce. Na tuna yadda kake zama a benci kana kallon duk ƙusar da aka kwance, kana yi wa yaron shago faɗa idan ya ajiye ta a ƙasa, na ce lalle da kai ne da an yi rigima a wurin nan.

Kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, kuma a inda na je dala 180 ne kowace awa, ban da kuɗin kaya. Bayan kwana huɗu suka aiko mini da takarda: ƙaramin injin da ke tura falon ya mutu, sai an sa sabo, rufin kuma za a kankare tsohon danƙo a shafa wani. A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Na tabbata da rewayan unguwarmu ne, buɗe injin nan zai yi ya sake naɗa masa waya, ko ya hau babur zuwa Ƙofar Ruwa ya samo na Beljiyam kafin la'asar. A nan ba wanda zai buɗe shi, ba don ba su iya ba, sai don awa biyun da za a ɓata a kansa sun kusa kuɗin sabo, kuma ba za su iya ba da garanti a kan abin da aka yi wa kwaskwarima ba.

Sabon ya ɗauki kwana goma sha tara kafin ya iso. Abin dariya shi ne, garin Elkhart na jihar Indiyana, inda ake ƙera mafi yawan motocin gida na ƙasar nan, tafiyar kamar awa huɗu ce daga birnin Kolambas na jihar Ohayo inda nake zaune. Motar tana ajiye a filinsu, ni kuwa ina bugun waya ana haɗa ni da na'ura mai ba da haƙuri.

Sai dai dole in faɗi gaskiya a kan abin da suka fi mu. Kuɗin da aka rubuta mini tun farko, dala 1,340, shi na biya, ba a ƙara sisi ba, kuma da suka ga batirin ɗakin ya yi sanyi, sai da suka kira suka nemi izinina, na ce a bar shi, suka bari. Sun nuna mini tsohon injin a cikin kwali, man da ke tankina kuma yana nan yadda na bar shi. Takardar ta ce idan aikin ya lalace cikin kwana casa'in, in mayar a gyara kyauta.

Wani dattijo da muka yi jira tare ya ba ni lambar masu zuwa gida da kayan aikinsu a bayan a-kori-kura, ya ce sun fi sauri nesa ba kusa ba. Su zan kira a watan Oktoba, lokacin da za a zuƙe ruwan bututu a zuba maganin hana daskarewa kafin sanyi ya fasa su. Ka gaida Hajiya da yara.