'Yancin Darakta ko Inuwar Babban Kamfani a Harkar Wasannin Bidiyo

Matasa masu sha'awar ƙera wasannin bidiyo sun sha tambayata ko ya fi dacewa darakta ya tsaya da ƙafarsa, ko ya shiga inuwar babban kamfani mai son maimaita wasa ɗaya kashi-kashi.

Ta fuskar kuɗi, kamfani ya yi gaba nesa ba kusa ba. Misali, kamfanin Activision na fitar da sabon kashi na wasan Call of Duty kowace shekara tun 2005, kuma albashi da talla duk a wuyansa suke. Sai dai mai kuɗi shi ke da ta cewa, shi ke tsayar da ranar fitarwa, sunan wasan ma mallakinsa ne. Darakta Hideo Kojima ya ƙirƙiro wasan Metal Gear a kamfanin Konami a 1987, amma da ya rabu da kamfanin a 2015, can ya baro wasan. Da ya samu 'yanci sai ya fitar da Death Stranding a 2019, wasan da jaruminsa ɗan dako ne mai saɓa kaya a baya yana ratsa duwatsu, abin da a ganina da wuya masu lissafin riba su fara kawo shi. Duk da haka, Sony ce ta ɗauki nauyin fitar da shi.

Sabon shiga mai neman albashi tabbatacce da gogewa, kamfani ya fi masa. 'Yanci ya fi dacewa da wanda ya riga ya yi suna, kuma zai iya jure asara idan kasuwa ta ƙi.